Ƙafar Baba

Litinin, 27 ga Mayu 2024
Baba ya iso daga Affala, ƙafarsa ta roba a cikin buhu, shi kuma bisa sanda. Ta tsage daidai kofin da dungulmin ke shiga. A likita an ce sai bayan Sallah, ga damina ta matso, gona na jira. Shekarun nan da nake gyaran robobin moto mai ƙafa biyu da rezin, ruwan ƙaron nan mai daskarewa, bai taɓa tako rumfata ba. Wai ba aikin ɗiya mace ba ne. Yau ya miƙo min buhun, bai dube ni ba. "Zaliha, duba ki gani."

Talata, 28 ga Mayu
Rezin zalla ya yi ruwa, ina shafawa yana zurarewa. Sai da abin kauri. Na dama da garin katako a gutsuren roba don gwaji. Ba nauyi, amma da na jiƙa shi ya sha ruwa. Mutumin da zai shiga laka! A'a.

Alhamis, 30 ga Mayu
Na dama da farar hoda, ta yi sumul kamar kunu, sai dai da ta bushe na buga ta fashe. Yankakken zaren gilas na fibar ya yi ƙarfi, amma yana suka. Na goga a hannuna, har yanzu ƙaiƙayi. Fatar wurin nan tasa ta yi laushi, yau na gan ta da kyau, karon farko tun hatsarin motar. Na juya baya kamar ina neman almakashi.
Yana zaune kan benci tun safe, yana ƙorafin wari. Bai tashi ba.

Juma'a, 31 ga Mayu
Zaren a waje, hoda siririya a ciki. Shi ya riƙe min gwangwanin ina damawa. Ya ce haka Inna take dama fura, da ɗan cije leɓe. Tun rasuwarta ban ji ya ambace ta ba.

Lahadi, 2 ga Yuni
Wani mai moto ya tambaye shi ko jiran gyara yake. Ya ce, "Ɗiyata ce mai wurin." Na goge abu ɗaya sau ba adadi.

Talata, 4 ga Yuni
Ƙafar ta bushe tun jiya. Na tsaya a kanta da duk nauyina, ko motsi. An yi ruwa wajen Barmou, gobe akwai motar Affala, ya kamata in ba shi.
Da ya tambaya na ce cikin bai gama kamawa ba, sai jibi. Ban san abin da ya sa na faɗa ba. Ko na sani.
Ya ɗauke ta, ya ƙwanƙwasa da farce, ta yi ƙara tsaf. Ya daɗe yana kallona. Sai ya jingine ta da bango, ya gyara zama a bencin.
"To," in ji shi. "Kada a yi mata gaggawa."