Sunan da ke Ƙasan Dutse

Hamburg, watan Maris

Yaya Irmtraud,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafarki ta yi sauƙi.

Majalisar garinmu ta rubuto mini. Kin san ƙa'ida: kabari in ya shekara ashirin da biyar sai a baje shi, kuma tsohon sashen maƙabartar ba a ƙara masa wa'adi. Na su Baba da Mama zai cika a kaka. Amma sun ce Baba, Ottokar Brennecke, ba mutumin da za a baje kabarinsa ba ne, mai fassarar da ya kawo wa Jamusawa mawaƙan Rasha cikin harshensu. Za su mai da shi kabarin girmamawa, gari ya riƙa kula da shi har abada. Sabon dutse za su kafa, da sunansa shi kaɗai. Sa hannunmu mu biyu suke jira, ni na sa nawa.

Ƙaninki,
Volkmar

*

Volkmar,

Na gode da gaisuwa. Ƙafa tana nan yadda ka bar ta.

Sunansa shi kaɗai, ka ce. To Mama fa? Ka manta dutsen, ba laifinka ba ne, Hamburg da nisa. Sunan Mama ne a sama da manyan haruffa, Hedwig. Nasa yana ƙasa, ƙanana, sai ka sunkuya kake karantawa. Shi da kansa ya sa aka yi haka da ta rasu. Ina tsaye mai sassaƙa dutsen ya ce masa, "Ranka ya daɗe, kai ne fa sananne." Baba ya ce, "Shekara arba'in sunana yana ƙarƙashin na wani a bangon littafi, ban taɓa jin sanyi a wurin ba."

Ka tambaye su ko za su bar tsohon dutsen.

A gaida Dorothea da yara.
Irmtraud

*

Hamburg, watan Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Na tambaya, har sau biyu. Sun ce girmamawar ta wanda aka girmama ce, haka dokarsu take, ba za su fara canza ta a kanmu ba.

Ki duba da kyau. Bara aka daina buga littattafansa biyu, ɗalibaina ko sunansa ba su iya furtawa. In kabarin ya tafi, me ya rage? Tsoro nake ji, gaskiya. Mama da kanta ba za ta yarda a baje shi saboda ita ba. Don Allah ki ajiye taurin kan nan naki, ki sa hannu.

Naki,
Volkmar

*

Volkmar,

Lafiya lau nake. Taurin kan nan gadonsa na yi, ka san inda na samo shi.

Na mayar musu da takardar ba sa hannu. A Nuwamba za a baje, su biyun tare. Sun ce dutsen namu ne, za a kawo mini shi lambu, gindin itacen tufa.

In za ka zo, ka taho da tabaranka. Rubutun ƙasan ya fara shafewa.

Yayarka,
Irmtraud