Dokin Ƙofar Baba

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

"Ke mai digiri, faɗa mini me ya sa a nan kaɗai yake ƙamewa." Baffa Yunusa ke nan, ƙanen Baba, da fartanya a bakin zaure. Wata biyar Baba in ya zo ƙofa sai ƙafafunsa su manne da ƙasa, hannu na rawa. Mutanen garinmu, Maruta, sun yanke hukunci: an binne masa wani abu. Sun haƙe dokin ƙofa har gwiwa. Sun samo tsohon cokali.

Ranar 25 ga wata ɗaliban Baba za su yi saukar Alƙur'ani. Baffa ya ce in bai iya fitowa ba, shi zai hau buzun, "kafin ya samu sauƙi." Na san irin wannan kafin ɗin. Shekara talatin da ɗaya Baba yana kan buzun nan.

Laraba, 8 ga Mayu

Asibiti, Birnin Kudu. Cutar Fakinsan. Likitar ta ce ƙwaƙwalwa tana da nata bugun, a wannan ciwo wani sashe yakan kafe kan bugu ɗaya har umarnin "taka" ya kasa wucewa. Ta ba da ƙwayoyi, ta ce wasu kan samu tafiya in sun bi wani bugu daga waje, kamar kiɗa.

"Kiɗa? Ni?" in ji Baba. Mutumin da ya kori makaɗa ranar bikin Yaya Kubra.

Lahadi, 12 ga Mayu

Rawar hannu ta ragu. Ƙofa tana nan. Na gwada ƙirga masa ɗaya, biyu. Ya ce shi ba soja ba ne.

Alhamis, 16 ga Mayu

Gwaggo Jummai, yayarsa, tana surfen gero da Yaya Kubra, suna lugude. Baba ya fito daga ɗaki, ya ratsa tsakar gida, ya ƙetare zaure. Sai da ya ga kansa a titi ya tsaya. Suka ajiye taɓarya don mamaki, shi ma ya ƙame.

"Ku ci gaba!" Ban san ina da murya haka ba.

Juma'a, 17 ga Mayu

Baba ya ba da fatawa: turmi ba ganga ba ne, aikin abinci ne. Gwaggo ta ce, "Malam, da ka gaya min tun muna yara, da na caje ka."

Asabar, 25 ga Mayu

Yaya Kubra ta tashi da zazzaɓi. Lugude sai mutum biyu. Gwaggo ta miƙo mini taɓarya: "Ummussalma, yau a ga amfanin jami'a." Rabona da turmi tun ina aji uku.

Na yi. Ba kyau, amma ban saki bugun ba. Ban ga fitarsa ba, kabbarar mutane na ji ta katanga. An ce Baffa har ya tattare riga zai zauna, sai ya koma gyara wa yayansa buzu. Ɗalibai sha ɗaya, Baba ya saurari kowanne.

Lahadi, 26 ga Mayu

Tafukana duk bororo. Gobe zan koma bakin aikina a Birnin Kudu. Likitar ta ce ciwon ba ya komawa baya, ban manta ba.

Baba ya rako ni, Gwaggo na buga masa turmi ba komai a ciki. A zaure ya ce, "Asabar za ki dawo? Bugun Jummai yana min sauri."

Na ce sai na duba. Amma na riga na gaya wa direban motar Gwaram, mai bi ta garinmu, ya riƙe min kujerar gaba ranar Asabar ɗin.

Shi ya rufe ƙofar da hannunsa. Na tsaya har na ji sakata, sannan na ɗauki jakata.