Na Hana a Ɗauki Hoton Kan Babana

Anti, ki taimake ni, kaina ya kulle. Babana mai gyaran agogo ne, shekara uku yana fama da ciwon hanta, likitoci sun ce ya yi nisa. Lokaci-lokaci sai ya rikice, ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu, ya ajiye takalminsa a firji. Sau biyar muna kai shi sashen gaggawa, sau biyar ana tura mu ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Mu yini a kan benci, a rirriƙe shi a gadon injin yana fizge-fizge, ƙarshe a ce ba a ga komai ba. Sai a ba shi ruwan maganin nan mai zaƙi da ke sa shi zagayawa, kwana ɗaya ya dawo hayyacinsa, har yana mitar agogon bangon asibitin yana latti. Wai hanta ce ke ciwo ko kai?

Shekaranjiya ya sake rikicewa. Da likita ya ambaci hoto na ce wallahi ba inda za a kai shi, na gaji. Yayana ya wanke ni tas a gaban mutane, wai daga kan keken ɗinkina na zama likita.

Amma ga abin da ke ci na. Kwana biyu kafin nan Baba ya zame a banɗaki, ƙeyarsa ta bugi famfo. Ni na ɗaga shi. Ya riƙe hannuna ya ce in yi masa alkawari ba mai ji, domin Yaya ya rantse ranar da ya sake faɗuwa zai cire sakatar ƙofar banɗakin, a riƙa yi masa wanka kamar jariri. Hula ta rufe kumburin. Likita ya tambaye ni ko ya faɗi, na ce a'a. Yau kwana biyu ana ba shi maganin, yana zagayawa, amma bai dawo ba, sai barci. In na yi magana na ci amanarsa, kuma Yaya ya samu abin yi mini gori. Ya zan yi?

Taki, 'yar mai gyaran agogo

'Yata, haushinki yana da dalili. Na tuntuɓi wata likita, ta ce rikicewar masu irin ciwon Baba yawanci daga dattin da hanta ta kasa tacewa ne, kuma in babu wata alama, sau da yawa hoton ba ya nuna komai. Kina da ikon tambayar me ake nema kafin a tura ku.

Sai dai ta ce faɗuwa tana canza lissafin gaba ɗaya. Jinin mai ciwon hanta ba ya saurin daskarewa, ɗan bugu kaɗan kan sa ya riƙa tsiyaya cikin kai a hankali. Tambayar da likita ya yi miki ba ta cika takarda ba ce, da amsarki yake yanke shawara, kuma kin ba shi wadda ba ita ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki tashi yanzu ki sami likitan, ki faɗa masa ranar da Baba ya faɗi da wurin da ya bugu, ki cire hular ki nuna masa. Gorin Yaya ki shanye, shi ma tsoro ne ke sa shi faɗa. Daga baya ku zauna, a sa kujera da abin dafawa a banɗakin, a bar wa dattijo sakatarsa.

Baba zai yi fushi da ke, babu shakka. Allah ya tashi kafaɗunsa, ya ba shi bakin da zai yi miki faɗan da kansa.

Antinku