Rigar Aikin Baba

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Baba, ƙafar ta yi sauƙi? Ya yara da maigidan? Ni lafiya lau nake, sai gajiya da ba a rasa ba.

Kin tambayi aikin. Biskit muke yi, amma ba na alkama ba, wuta kuma ba ta taɓa shi. Ɗanyar gyaɗa da riɗi nake jiƙawa, in niƙa, in shimfiɗa a faranti, na'ura ta busar. Wai alkama tana ɓata wa masu saye ciki. Ɗan mai gidan burodi guda, Yaya, a ɗakin girki nake wuni ina rawar sanyi!

Rigar aikin da Baba ya ba ni, tun ranar farko mai shagon ta hana ni shiga da ita, wai akwai fulawa a jiki. Har yau kuwa ban wanke ta ba.

Don Allah ki turo min hotonsa a bakin tanda. In ya sake tambaya ko ina sa rigar, ki ce masa kullum. Ba ƙarya kika yi ba, da ita nake kwana.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki