Ayar da Yaya Barnaby Zai Karanta

Litinin, 8 ga Yuni, 1618

Mako guda ke nan, sai yau hannuna ya yarda ya riƙe alƙalami. Waccan Litinin ɗin ina zaune bakin taga ina karanta labarin jarumin nan mai farin doki, karo na huɗu, madara tana ƙonewa a wuta ban sani ba, sai na ji ƙaho da ihu: "Ɓarawo! Ɓarawo!" Doka ce, in aka yi ihun kowa ya fito ya bi, in ba haka ba a ci garin tara. Amma ni ba don doka na fita ba. Daɗi na ji. Na tattare riga na ruga cikin gonar sha'ir, ina ihu fiye da kowa, kamar na faɗa cikin littafi. Ni ce ma na fara hango shi a bayan shinge, na nuna da yatsa. Mijina Humphrey, wanda sandar ɗan doka ta faɗo kansa bana, ya danne shi ya juyo da fuskarsa. Yayana ne, Barnaby. Tunkiya ɗaya ya sata.

Juma'a, 12 ga Yuni

Kwana biyu Yaya ya yi ƙafafunsa a maƙale a turu a bakin coci kafin a wuce da shi kurkukun birni. Humphrey ne ya raka shi. Da ya dawo ya ce, "Tamsin, ba ni na nemi sandar nan ba, layi ne ya zo kan gidanmu." Ban tanka ba. Ban ƙara tanka masa ba. Na ɗaure kayana, da an gama shari'a zan koma wurin Gwaggo Ursula.

A rijiya Iya Dorcas ta ce, "Sannu mai kaifin ido! Ashe karatu bai kashe miki gani ba."

Lahadi, 14 ga Yuni

Rataya, in ji kowa.

Talata, 16 ga Yuni

Duk yini ina tuna tudun kiwo. Ni matar limamin coci ta ɗauka ta koya wa karatu, Yaya kuma aka bar shi da tumaki. Da yamma sai in hau wurinsa da gutsuren cuku, ya kwanta a ciyawa ya rufe fuska da hula ya ce, "Karanta min, Gimbiya, ni idona na ƙirga tumaki ne." In an kama jarumi sai ya tashi zaune, "Ƙarya ne! Juya gaba, ai zai tsere." Kullum kuwa tserewa yake yi.

Talata, 23 ga Yuni

Na tashi na tarar da littafin addu'a a kan tebur, da karan sha'ir a tsakiya. Humphrey yana ɗaura takalmi, ya yi magana yana kallon bango: wanda wannan ne laifinsa na fari, in ya iya karanta ayar da ke shafin nan a gaban alƙali, ba a rataye shi, lalas kawai ake masa a babban yatsa. Na san da dokar, wallahi, amma kaina yana can wajen tserewa irin ta littafi, da igiya da tsani da farin doki. Limami ne ya aiko, na ce a raina. Allah ya saka masa.

Alhamis, 9 ga Yuli

Zuwana kurkuku na biyar. Mil bakwai a ƙasa, bakwai dawowa. Wurin sai wari, bambaron shimfiɗa a jiƙe, babu ko tagar da mutum zai sa igiya. Masu rubuta littattafan nan ba su taɓa shiga kurkuku ba.

Yaya ya rame. Haruffa sun ƙi shiga kansa, sai muka koma hadda. Ya ce, "Da kin gaya min karatu yana tsare wuya, da na ba ki tumakin na karɓi allon." Wani tsoho a kusurwa ya ce in alƙali ya tashi da fushi, wani shafin yake sa a buɗe. Na ce masa ya yi mana shiru.

Da zan fito na fara cewa, "Yaya, ni ce na nuna..." Ya katse ni. "Na gan ki. Gudunki har yanzu na agwagwa ne."

Na yi kuka har gadar dutse. Humphrey yana biye da ni daga nesa, kamar kullum. Yana zaton ban sani ba.

Talata, 21 ga Yuli

An yi. Aka miƙa masa littafin, ya riƙe da hannu biyu, ya zuba ayar da ƙarfi kamar mai kiran garke, yatsansa a kan shafin da ba shi ba. Na gani. Limamin kotu ma ya gani. Alƙali ya ce wa limamin, "Ya karanta?" Limamin ya dubi Yaya, ya dubi ƙasa, ya ce, "Ya karanta."

Ban kalli ƙarfen lalas ɗin ba, amma na ji ƙauri. Yanzu ko kaza ya ɗauka, babu aya ta biyu.

A waje Humphrey ya zaro 'yar tukunya daga aljihu, kitsen dinya, babbar agwagwar nan, ya shafa wa Yaya a yatsa. Tun daga gida ya taho da ita. Yaya ya ce, "Suruki, ka iya danne mutum." Humphrey ya ce, "Kai kuma ba ka iya gudu ba."

Lahadi, 26 ga Yuli

Yaya ya tafi bakin teku neman aikin jirgi. Ba mai ba shi kiwo a nan da wannan yatsan.

Na kai wa limami littafinsa da godiya. Ya ce shi bai aika ba. Humphrey ne ya zo har sau uku yana roƙo, kuma shi ya ce a sa masa kara a wurin, don kada ya kawo min shafin da ba shi ba. Shekara biyu da aure, ina karanta masa labari yana gyangyaɗi, ban taɓa tambaya ba ko ya san harafi ɗaya.

Ɗazu na sami Humphrey riƙe da littafin mai farin doki, yana jujjuya shi. Ya ce, "A nan ma ana kama mutane?" Na ce ana kamawa. Maganata ta farko da shi ke nan a mako bakwai, ba wani abu ba ne.

Na kwance kayana. Ba zan je wurin Gwaggo ba. Gobe bayan tatsar madara zan fara masa da harafin farko.