Igiyar Awon Tumbina Ta Hana Jikata Cin Tuwo

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da ku masu karatu. Ina gajiyar girbi? Wani tsoho ne daga wajen Dungas yake gaishe ku. Kada ku nemi sunana, kuma ku yi haƙuri da rubutuna: shekara uku na yi a lakwal, makarantar boko, zamanin Nasara, malaminmu ya ce kaina ya fi dacewa da gammo. Ku ji ƙarshen zance kafin ku zage ni, ni ma na zagi kaina har na gaji.

Ni mutum ne mai tumbi. Ko a shekarun farin nan da muka ci jar dawar taimako, kowa ya zube, nawa ya ƙi, har ana cewa wai ina da rumbu a ɓoye. Bara jiri ya kayar da ni a kasuwar Kwaya, aka kai ni asibitin Magarya. Likita ya ɗora ni kan sikeli kamar buhun gyaɗa, ya ce jinina ya hau. Ya hana ni gishiri da mai da kitse, ya ce malmala ɗaya ta ishe ni, in riƙa zuwa gona a ƙasa in bar jaki ya huta. In na ƙi, wata rana ɓarin jikina zai mutu.

A gida ba sikeli, sai na samu igiyar rama. Kowace Juma'a kafin in sa riga sai in zagaye cikina da ita in yi ƙulli. Mai riƙe mini bakin igiyar jikata ce, 'yar ɗana, mu ce Indo, shekararta tara. Ita ta gado ni, kumatu cike, tun tana goye nake ce mata Tumbi Ƙarama, ita kuma ta ce mini Tsoho Mai Randa. Wasan kaka da jika, wa ya taɓa jin ya yi rauni? Ina awo ina dukan cikina, ina ce masa mummuna, kayan kunya, buhun da ba mai saye. Ranar da ƙulli ya matsa baya sai in ɗaga hannu in ce, "Alhamdu lillahi, na fara zama mutum." Ta yi ta dariya, ni kuma ina jin kaina gwanin raha.

Sai yarinya ta fara rage abinci. Wadda da ita ke suɗe akushina, yanzu loma uku ta ce ta ƙoshi. Wuyanta ya fito, ta daina tsalle da sa'o'inta. Uwarta ta ce shawara ce, aka jiƙa sassaƙe. Ubanta ya ce baki ne, ya karɓo rubutu. Ni ma har da gyara rawani ina cewa lalle baki ne, ashe gaskiya na faɗa, bakin nawa ne.

Rannan da hantsi na zagaya bayan rumbu ina neman igiyata, sai na tarar da Indo ta naɗa ta a cikinta, ta kama numfashi tana ja har igiyar ta yi mata shaida a fata. Gefe guda akuya tana lashe furarta. Na tambaye ta me ke nan. Ko tsoro ba ta ji ba, ta miƙo mini ta ce:

"Kaka, duba mini. Saura ƙulli nawa in zama mutum?"

Na zauna a ƙasa ban shirya ba. Na ce mata wasa nake, ita kyakkyawa ce, ni ciwo gare ni, likita ne ya hana ni. Ta ce ai ban taɓa cewa ciwo ba, mummuna nake cewa. Ta ƙara da cewa duk gidan an ce da ni take kama. Ƙarya ta yi? Ina zan sa fuskata?

Na jefa igiyar a murhu, amma ban ƙone maganar ba. Yanzu ba ta cin abinci sai kusa da ni, abin da na ci shi take ci, in na janye hannu ta janye. Kwana huɗu na cinye akushi har da man shanu don ta ci, ta ci kuwa, raina ya yi fari. Rana ta biyar jiri ya dawo, a zaune na yi la'asar, na ce wa mutane gwiwa ce.

Har yau iyayenta ba su san komai ba. Ɗana yana shirin kai ta wurin mai magani a Sassumburum ranar kasuwa. Yaya zan dubi surukata, wadda ko sunana ba ta faɗa don kunya, in ce mata ni mai furfura ne na ramar mata da 'ya da raha? In kuma na faɗa suka raba ta da akushina, a gaban wa za ta ci?

Ɗazu da rana na ɗauki loma ta biyar na tsaya ina tunani. Ita ma ta tsaya da tata a hannu, miya tana ɗiga, tana kallon bakina.

Jama'a, don Allah, me zan yi?