Daga Gida Nake

Zuwa ga matata, Uwar 'Yan Biyu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya jikin? Yaya wuyan, ɗinkin ya daina ja? Ina fata kina shan magani ba sai an tsaya a kanki ba, don na san halinki. Ki gaishe min da Yaya Babba da iyalinsa, Allah ya saka masa da ya riƙe ki a gidansa kusa da asibiti. Tunda likita ya hana ki magana, in na kira waya kuma ni kaɗai nake zuba kamar rediyo, na ga gara in riƙa rubutowa direban bas yana miƙa miki.

Ba zan samu zuwa wannan makon ba, kuma ga dalili. Mai Katako, wanda na kayar a zaɓe, ya kai ƙarata majalisa wai na bar mazaɓa. Kin san dokar: dole kansila ya zauna cikin mutanen da suka zaɓe shi muddin yana kan kujera, in ya tashi kujerar ta tashi. Ya ce tun da aka yi miki aiki na tare a ƙetaren gada, gidan Yaya Babba, gidanmu ya zama kango. Ni da aka haifa a layin nan, yau ni ake nema wa shaidar zama.

Ƙanwar matar Mai Katako, mai shagon da ke kallon ƙofarmu, ita ce ta zama mai gadina. Sabulu zan saya sai ta tambaye ni ko yau a gari nake. Shi ya sa na koma ɗan wasan kwaikwayo. In share ƙofar gida da ƙarfi don a ji, in bar taga a buɗe, in kunna rediyo. Jiya ba ni da abin wankewa, sai na jiƙa riguna masu tsabta na shanya a igiya. Ki yi dariya, amma a hankali saboda ɗinki.

Tumatir ɗinki na cikin bokitai ina ba shi ruwa, har ya fara fure. 'Yan biyu sun bugo daga makaranta, na ce musu kina samun sauƙi. Na gaji, Uwar 'Yan Biyu. Ba aikin ne ya gajiyar da ni ba, zaman ne. Da ba don magudanar ruwan bayan firamare ba, wadda muka yi wa iyayen yara alkawari ni da ke, da tuni na ce su riƙe kayansu.

Ki huta lafiya, Allah ya ƙara sauƙi.

Naki,
Dogo, Kansila har yanzu dai

*

Uwar 'Yan Biyu,

Gaisuwa da fatan zazzaɓin bai dawo ba. Kin samu kin ci wani abu bayan tafiyata? Ki ce wa Yaya Babba na gode da ya kira ni jiya, kada ya ji komai a ransa. Ko da na san abin da zai biyo baya, da na zo.

Ga abin da ya faru da na bar ki da safe. Na tarar da gada a cushe, wata babbar mota ta mutu a tsakiya, na isa majalisa a makare ina gumi. Kwamiti ya riga ya zauna, Mai Katako da lauyansa a gefe guda sun sha guga. Shugaban kwamitin, dattijon nan mai farin gilashi da ya koyar da ke lissafi, ya tarbe ni da fara'a ya tambaye ni yaya gida. Na ce masa gida da sauƙi, yau har ta haɗiyi ruwa da kanta. Ya yi hamdala. Sai ya tambayi abin da ya tsayar da ni, daga ina nake. Wallahi ban yi tunani ba, bakina ya riga ni. Na ce daga gida nake, gada ce ta cushe.

'Yan kwamiti suka kalli juna. Kowa a wurin ya san tsakanin ƙofarmu da majalisa ko kwalbati babu, balle gada. Lauyan bai ma tashi tsaye ba, ya dai roƙi sakatare ya rubuta maganar yadda na faɗe ta. Duk shanyar da na yi, duk sharar ƙofa, duk maƙwabtan da na roƙa suka bar sana'arsu suka zo yi min shaida, kalma ɗaya ta kwashe su.

Dattijon ya cire gilashi ya daɗe yana goge shi. Da aka tashi ya ja ni gefe, ya ce akwai ƙofa. In na dawo zama na gaba na ce tuntuɓen harshe ne, na tabbatar a gaban kowa cewa can wurin jinya ne kawai, nan ne gidana, zai rufe maganar. Amma daga nan sai in rage ƙetare gada, don idanu sun yi yawa a kaina.

Na dawo na zauna a falo ban ko cire takalmi ba. Kada ki sa abin a ranki, ki kula da wuyanki.

Naki,
Dogo

*

Matata,

Ina gaishe ki, ina gaida jiki. Direba ya ba ni 'yar takardarki, na ga rubutunki ya karkace, amma faɗan yana nan daram. Kin ce in je in gyara maganata, kada yaran firamare su sake shiga aji da ruwa har gwiwa saboda ke. Na karanta, na kuma yi niyyar bin umarninki, kamar kullum.

Da safe kafin in fita na zagaya gidan. Kofinki yana kife inda kika bar shi. Ƙura ta rufe keken ɗinkinki. Na lura tun tafiyarki ban taɓa zama a kujerar tsakar gida ba, a tsaye nake shan shayi kamar mai jiran mota. Na fita na kulle ƙofa, mai shago tana kallona.

A majalisa dattijon ya buɗe min ƙofar kamar yadda ya yi alkawari, har ya sa min kalmar a baki. Na miƙe da niyyar faɗa. Sai na tuna ki a kan katifar ɗakin Yaya Babba kina nuna min ruwa da yatsa, na ji ba zan iya tsayawa gaban mutane in kira inda kike wurin jinya kawai ba. Na ce musu harshena bai yi tuntuɓe ba. Dokarsu ba ta yi laifi ba, mutane suna da haƙƙin su buga ƙofar kansila su same shi. Ni ne dai ba za a samu ba.

An sauke ni. Mai Katako ya zo ya ba ni hannu, ya tambayi jikinki. Na roƙe shi abu ɗaya, in kujerar ta faɗo hannunsa kada ya bar bututan magudanar da aka sauke bayan firamare su zama wurin zaman awaki. Ya ce to. Ban san nauyin to ɗinsa ba, kuma wannan ne ke ci min rai. Iyayen yaran ma ban san da idon da zan kalle su ba.

Na san za ki yi fushi. Ki tara shi, ranar da likita ya sake miki murya ki sauke min gaba ɗaya, ina marmarin jinsa. Rigunan da na jiƙa na kwashe su daga igiya, tumatir ɗinki kuma zan ɗauko bokiti biyu da suka fi kyau, sauran na bar wa mai shago, ta sha wahalar gadi. Ki ce wa Yaya Babba ya taimaka min da tabarma a gefen katifarki. Gobe in Allah ya kai mu ina nan dawowa gida.

Mijinki,
Dogo